Shekarar da Yatsun Goggo Suka Daina Ji

Kwanakin baya na aiki jikata kasuwa ta sayo mini tabarmar kaba, sai ta dawo mini da ta roba, kore da shuɗi, a naɗe cikin leda. Ta ce ta zaga rumfuna ba ta samu irin wadda nake nufi ba, wani tsoho ma ya ce mata sai dai ta jira ranar kasuwa, ko mutanen ƙauye za su shigo da ita. Na shimfiɗa ta robar na zauna. Ba laifi, tana da laushi, amma ba ta da ƙamshi, kuma in mutum ya juya a kanta ba ta cewa komai. Ina zaune a wurin zuciyata ta tafi Gashuwa, gidan da na tashi, da matar da ta riƙe ni.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. An ba ta ni tun ina yaye, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ita kanta ba ta da ɗa a raye. Gidanmu yana kusa da kogi, inda in ruwa ya cika ana jin sanyinsa tun daga zaure. A zamanin ba agogo ke tayar da mutum ba. Kiran asalatu ne, sai tari da ƙarar buta, sai kuma taɓare su fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, har ka iya gane wace ce ta makara. In gari ya yi haske za ka hangi masunta a kwance bisa manyan goruna suna bin ruwa, tsuntsaye kuwa da ba mu san daga wace ƙasa suke zuwa ba su sauka a fadama su rufe ta fari fat. Yanzu injin ke niƙa, injin ke casa, yarinya ta kai kwano ta tsaya tana latsa waya har a miƙo mata gari. Mu a lokacin komai da hannu ne. Surfe da hannu, niƙa a dutse da hannu, casar shinkafa da hannu, jan guga da hannu. Ba wanda yake tunanin hannu abu ne da zai iya gajiya ya ƙi tashi. Ciwon baya mun sani, ciwon gwiwa mun sani, amma hannu muna ganin kamar ruwan kogi ne, kullum yana nan.

Sana'ar Goggo ta yau da kullum saƙar tabarma ce. Masu jakuna da raƙuma ke kawo kaba daga arewa, wajen su Kumagannam, a ɗaure dami dami. Sai ta jiƙa ta, ta tsaga da farcen babban yatsanta, ta rina wata ja wata baƙa, sannan ta zauna a gindin bango ta miƙe ƙafa. Daga hantsi har inuwa ta juya, yatsunta ba sa tsayawa. Tana magana tana saƙa, tana yi mini faɗa tana saƙa, maƙwabciya ta shigo da tsegumi ta fita, saƙar na ta zuba a gefenta tana naɗewa kamar maciji. In ta yi tsawo sai ta ɗauko basilla ta harhaɗa, ta danne da wuyan hannu, ta ja zaren kaba da ƙarfi har sai ya yi ƙara. Wannan ƙas-ƙas ɗin kabar shi ne sautin ƙuruciyata. Takan ce mini kada in kalli saƙa in ina yi, in bar yatsu su koya, domin ido yana mantuwa amma su ba sa yi.

Amma abin da aka san ta da shi har ƙauyuka shi ne ungozomanci. Yawancin ungozomomi a lokacin sai an haihu ake kiransu, su yanke cibiya, su wanke jariri, su dafa ruwa. Ita Goggo ana kiranta ne in abu ya cije. Sai ta ajiye saƙa, ta wanke hannu da sabulun salo har gwiwar hannu, ta yafa mayafi ta bi ɗan aike. Na sha raka ta da na fara girma, ina riƙe mata ƙwarya. Na ga yadda take ɗora tafin hannu a kan cikin mace, ta rufe ido, can ta ce ga kai nan, ga baya nan, yaron ya juya ko bai juya ba. Ni ina tsaye ina ganin fata kawai. Har yau ban daina mamakin wannan ba: mace ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta da na'ura, amma tana karanta abin da Allah ya rufe da yatsu.

Da aka yi mini aure sai aka kai ni Nguru. Maigidana yana aikin lodi a tashar jirgin ƙasa, buhunan gyaɗa da fatu da busasshen nama da ake kaiwa kudu. Nguru ta ba ni tsoro da farko. Kukan jirgi, warin fata, Hausa kala-kala, ta Barebari daban, ta Fulani daban, ta mutanen kudu daban. Gidan haya muke, kuma ɗakin da ke kallon namu na wata Kirista ce daga ƙasar Jos, tana aikin jinya a asibitin gari. Kowa Sista yake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, amma ita ta koya mini yadda ake zama da mutane a gidan haya. Shekarun nan kuwa su ne na fari. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da bai zauna ba, kogi bai cika ba, shinkafa ta ƙone a fadama. Ina jin labari daga masu zuwa cewa Goggo ta koma saƙa ba dare ba rana, ita ke ciyar da gidan ƙaninta da ya rasa amfanin gona, har tufkar igiya ta ƙara a kai.

Ina da ƙaramin ciki, na fari, na roƙi maigida ya bar ni in je ganin gida. Da na sauka na same ta a inda na barta, gindin bango, ƙafa a miƙe. Amma sautin ya canja. Saƙar tana tafiya tana tsayawa, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba: Goggo tana kallon hannunta tana saƙa. Da asuba kafin ta yi alwala sai ta daɗe tana yarfe hannuwa kamar wadda ta taɓa wuta, tana murza su a cinya. Buta ta suɓuce mata a gabana, ta ce santsi ne. Ludayi ya faɗi cikin kunu, ta ce hankalinta ne ya tafi wani wuri. Da ta miƙo mini goro na kalli tafinta, tudun naman nan da ke gindin babban yatsa ya lotsa, musamman na dama, kamar an kwashe shi da cokali. Na karɓi goron na kau da ido. A tarbiyyarmu yarinya ba ta tambayar babba lafiyar jikinsa fiye da gaisuwa.

Ranar da abin ya fito fili, tana harhaɗa tabarma ne da la'asar, ina gefe ina tsince shinkafa. Na ga ja yana bin farar kaba, na ɗauka rini ne ya zuba. Da na duba sai na ga basilla ta shiga tsokar manuniyarta ta fito ta gefe, ita kuwa tana ta ƙoƙarin ja, tana mitar zaren ya sarƙe. Na riƙe hannun na nuna mata. Ta daɗe tana kallonsa kamar na wani ne. Ta zare basillar da kanta, ko fuska ba ta ɓata ba, na yago ƙyalle na ɗaure mata. A nan ne ta gaya mini, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba. Ta ce abin ya daɗe. Da farko kamar cinnaku ne ke yawo a yatsun, sai zafi da ke tashinta daga barci ya hau har kafaɗa, daga baya kuma sai suka sage. Ta ce kafin zuwana an zo da jaki an ɗauke ta zuwa Dagona, wata yarinya ta kwana biyu tana naƙuda. Ta wanke hannu yadda ta saba, ta ɗora, ta rufe ido.

"Ban ji komai ba, 'yar nan," in ji ta. "Kamar na tura hannu cikin buhun auduga. Uwar ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Wataƙila ko da hannuna yana nan kamar da, haka Allah ya rubuta. Amma ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba."

Tun daga ranar Dagona duk wanda ya zo kiranta sai ta ce ba ta jin daɗi. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ta taɓa abin da bai kamata ba a wata haihuwa, wasu suka ce farkon shanyewar jiki ne. Ba abin da ba a gwada ba. Wanzami ya yi mata ƙaho a kafaɗa da tsaga a damtse, ta sha rubutu, ta sha saiwoyin sanyi, ta shafa man kaɗanya da kitsen damo. Ta ce mini kada in damu, ta riga ta yi magana da wata tsohuwa a unguwar masunta, ita za ta tsaya a kaina in lokaci ya yi. Cikin fari ba a maganarsa a gaban manya, don haka na sunkuyar da kai. Amma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mahaifiyata wajen haihuwar ƙanina ta rasu, kuma tun da na gane ina da ciki abin da ke kwantar mini da hankali shi ne hannun Goggo.

Da na koma Nguru na kasa ɓoyewa. Sista ta same ni ina wanke-wanke ina hawaye, ta zauna a kan turmi ta sa na faɗa mata tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta yi mini tambaya ɗaya, wai ƙaramin yatsan fa, shi ma ya sage? Na ce ban sani ba. Ta ce in koma in tambaya. In ƙaramin yana ji sauran ba sa ji, to ba sammu ba ne, ba kuma shanyewar jiki ba ne, ta san ciwon, ta gan shi a hannun masu matsar man gyaɗa da masu tatsar shanu da masu yankan naman kilishi, kuma akwai abin da likita zai iya yi. Maigida bai so in sake hawa mota da ciki ba, amma da ya ga na daina cin abinci ya kai ni tasha da kansa.

Na tarar da Goggo tana jiƙa kaba. Bayan gaisuwa na ce wata ma'aikaciyar asibiti ce ta aiko ni da tambaya, na faɗa mata. Ta tsame hannu daga ruwa a hankali. Ta kama ƙaramin yatsanta ta mintsina, sannan ta ɗago ta dube ni, duba irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce wannan ko ni ba ta gaya wa ba, domin ita kanta abin ya ɗaure mata kai, yadda ɗan autan yake nan da ransa sauran sun mutu. Ta tambaye ni ko matar ta taɓa ganinta. Na ce ko sunanta ba ta sani ba. Sai ta ce in ɗauko mata zanenta na unguwa.

Hanyar Nguru a lokacin ba irin ta yau ba ce. Babbar mota ce mai katako, mutane a saman buhuna, a kafe cikin yashi wajen Karasuwa maza su sauka su tura. Goggo ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai ranar. Kuma da muka isa wata matsala ta taso, domin ta rantse ba za ta kwana a ɗakin surukinta ba, ko ruwa ba za ta sha a gabansa ba. Sista ce ta raba gardamar. Ta janye akwatunanta gefe, ta share kusurwa, ta sayo sabuwar buta, ta tambayi maigidana inda gabas take. A nan Goggo ta zauna. Da safe ɗaya na lazimi ɗaya na karanta littafinta, ba mai damun wani.

Likitan wani Ba'indiye ne, gajere, mai gashi a kunne. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, Sista ke fassara. Ya juya hannun Goggo ya shafa inda naman ya lotsa. Ya ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da yatsa, sai ta zabura, ta ce wani abu ya tsarga mata har ƙarshen yatsu kamar walƙiya. Ya tambayi aikinta, aka gaya masa, ya gyaɗa kai. Bayanin da Sista ta yi mana ban manta shi ba. Ta ce a cikin wuyan hannu akwai wata 'yar ƙofa matsattsiya, igiyoyin da ke motsa yatsu duk ta nan suke wucewa, kuma a tsakaninsu akwai jijiya guda mai laushi wadda ita ke kai ji zuwa babban yatsa da na kusa da shi. Ƙaramin yatsa tasa hanyar daban ce. In mutum ya shekara da shekaru yana lanƙwasa hannu yana ja yana matsawa, sai wurin ya kumbura, jijiyar ta shaƙe. Ta ce kamar damin kaba ne da aka ɗaure tamau, wadda ke tsakiya ita ke shan wuya. Aikin likita shi ne ya yanke maɗaurin. Bai yi mana alkawari ba. Ya ce zafin zai tafi da wuri, amma ji yana dawowa ne a hankali, wani lokaci ba duka ba, naman da ya lotsa kuwa da wuya ya ciko, domin an daɗe.

A zamanin in an ce za a yi wa mutum aiki a asibiti, dangi har yafiya suke nema. Goggo ta tambaya ko za a sa ta barci, aka ce a'a, hannun kawai za a kashe da allura. Ta ce to a yi na dama, a bar mata na hagu, in wannan ya lalace ta samu na cin tuwo. Ranar aikin na zauna a benci a baranda ina jan carbi, ban gama abin da na ɗauka zan karanta ba sai ga ta an fito da ita tana tafiya da ƙafarta, hannu a naɗe da bandeji an rataye a wuya. Na zaci zan ga wahala a fuskarta. Abin da na gani kamar fuskar wadda ta dawo daga wata ƙasa ce.

Sai da muka koma gida ta yi sallah sannan ta ba ni labari. Ta ce an sa ƙyalle an tare mata, sai ta ce wa Sista ita fa ta ga cikin mutane da yawa, a bar ta ta ga nata. Likita ya yi dariya ya sa aka janye. Ta ce yankan bai fi tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Ya buɗe ya nuna mata wani farin abu siriri, kamar zaren kabar da aka jiƙa, tsakiyarsa ta matse ta yi shuɗi-shuɗi. Ta ce tana kallo, da aka saki maɗaurin, jini ya fara komawa cikinsa yana yin ja.

"Wai da wannan nake jin komai," ta ce. "Zafin tukunya, da kan jariri, da fuskarki kina ƙarama. Duk ta cikin wannan ɗan zaren. Na rayu da shi har na tsufa ban san yana nan ba."

Zafin da ke hana ta barci ya ɗauke tun a kwanakin farko, kamar yadda aka faɗa. Amma yatsun suna nan shiru. Aka cire zare, ciwo ya warke, zafin bazara ya shigo, ba labari. Sista ta hana ta saƙa, ta ɗaure mata na hagun da 'yan sanduna in za ta kwanta, irin yadda maɗori ke yi. Zaman banza ya fi aikin yi mata ciwo. Kullum da hantsi Sista kan zuba mata gero da tsakuwa a faifai, ta ce ta rufe ido ta rarrabe. Sai ta yi ta lalube, ta ɗauko tsakuwa ta ce gero ne. Wani lokaci ta ture faifan ta juya wa bango fuska. Cikina kuwa yana ta girma, ni da ita ba mai cewa komai a kai, amma na sha kama ta tana kallonsa. Sai wata rana, hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, ina tankaɗe na ji ta kira ni a hankali. Idonta a rufe, ta ɗaga ƙwayar gero ɗaya tsakanin manuniya da na tsakiya. Ta ce tana jin ta, can nesa, kamar muryar mutum daga ƙetaren kogi, amma tana ji.

Da watana ya kusa muka koma Gashuwa tare, domin haihuwar fari a gida ake yi. Shekarar Allah ya dubi bayinsa, ruwa ya sauka, kogi ya fara tasowa, baƙar ƙasar fadama da muke kira firgi ta yi laushi tana kama ƙafa. Goggo ba ta janye maganar tsohuwar unguwar masunta ba. Ta ce hannun bai gama dawowa ba, babban yatsan ba ƙarfi, ba za ta gwada shi a kaina ba. Ita za ta dafa ruwa kawai.

Naƙuda ta kama ni da safe. Aka kira tsohuwar ta zo, mace mai kirki, ta yi iya yinta. Azahar ta wuce, sai hadari ya taso ya rufe gari, ɗakin ya yi duhu kamar magariba, iska na kashe fitila ana kunnawa. Ina durƙushe na riƙe turmi, ƙarfina ya kusa ƙarewa. Can na ji kai ya fito, sai kuma komai ya tsaya. Tsohuwar na cewa in yi nishi, in ƙara, ina yi, amma kamar ana riƙe da abin daga ciki. Na ji muryarta ta canja, ta fara salati. Ban san lokacin da Goggo ta shigo ba. Ƙamshin sabulun salo na fara ji, sannan hannu mai sanyi a bayana.

"Daina yunƙuri," ta ce a kunnena. "Ko ya zo miki kada ki bi shi. Yi numfashi ta baki."

Ba abin da ya fi wannan wuya a duniya, jiki na cewa tura, ana ce maka tsaya. Ba na ganinta, tana bayana, ita ma ba ta ganin komai a duhun nan. Ruwa na dukan rufin ɗaki. Na ji yatsunta biyu suna bi a hankali, suna tsayawa, suna komawa baya, kamar mai neman bakin zare. Ta daɗe, ko kuma ni ce na ga daɗewar. Sai na ji ta ja numfashi ta ce wa tsohuwar cibiya ce, ta naɗe wuya zagaye biyu, ta ɗaure tam. Da na ci gaba da turawa da na shaƙe abin da ke cikina da kaina. Ta sa yatsun ta ɗago ta, ta zare ta ta saman kai, ta sake komawa ta zare na biyun. Sannan ta ce, "Yanzu, bismillah."

Mace ce. Ta fito jikinta toka-toka, ba motsi, ba kuka. Goggo ta kifa ta a kan hannunta na hagu, ta share mata baki, tana murza bayanta da na daman, tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa. Ni na kifa kai a kan turmi na rufe ido, ban so in gani ba. Sai na ji wani ɗan tari, kamar na kyanwa. Sai kuka.

Bayan an gyara ni an kwantar, ruwa ya tsagaita, na nemi Goggo ban gan ta ba. Ta bangon ɗaki na jiyo ta can baya, wajen murhun ruwan wanka, tana kuka. Na tashi a hannunta, na ga ta binne miji, na ga ta binne ƙanne, ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Da ta shigo da kunun kanwa idonta ya bushe, ta zauna a bakin gado tana hura mini. Na tambaye ta ko hannun ne ke ciwo. Ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta san adadin cibiyoyin da ta taɓa a rayuwarta ba, kullum sauri take ta zare ta yanke ta wuce.

"Yau da na sa yatsa a ƙarƙashinta na ji tana bugawa," ta ce. "A hankali, kamar za ta tsaya, amma tana bugawa. Da can ma haka take yi, ni ce ban taɓa tsayawa na saurara ba."

Goggo ta ƙara shekaru masu dama bayan wannan. Ta koma amsa kira, amma ba ta yarda likita ya taɓa hannun hagun ba har ta koma ga Allah, kuma babban yatsan dama bai sake riƙe basilla da ƙarfi ba. Sista aka yi mata canjin wurin aiki, muka rabu a tashar jirgi, ban sake jin labarinta ba. Yarinyar da na haifa kuwa, ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce. Yau ita ma tana da jikoki, furfura ta fito mata a goshi. Mu mutanen da ba ma sakin fuska da ɗan fari, don haka in ta zo gaishe ni ta durƙusa, nakan amsa a taƙaice in kau da kai. Sai ta sunkuya tana gyara mayafi nake satar kallon wuyanta.